Tabon Azurfa a Ƙafar Tela

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Kwalba ya yi a ɗakin gwaje-gwajen sashen sinadarai na jami'a, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe. Da shara ya fara. Daga baya aka ga hannunsa ba ya fasa gilashi, aka ba shi wankin kwalabe, sunan kuma ya bi shi tun daga lokacin. A hankali ya koyi awo da haɗa sinadarai, har ta kai ɗalibin da zai rubuta kundin digiri yakan fara gaishe shi kafin ya nemi ofishin Farfesa.

Gajere ne, mai magana ƙasa-ƙasa. Abin da mutum zai fara gani a jikinsa shi ne yatsunsa. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya baƙaƙe ne wuluk, kamar ya tsoma su a tawada. Gishirin azurfa ne. Duk inda ruwansa ya taɓa fata, da haske ya bugi wurin sai ya yi baƙi, sabulu ba ya fitar da shi, sai fatar ta saɓule da kanta bayan mako biyu. Da yake shi kullum cikin taɓawa yake, kuma ya ce safar hannu tana sa kwalba ta zame masa, yatsun ba su taɓa samun hutun da za su wanke ba.

A shekaru goma sha biyun ƙarshe aikin ɗakin kusan iri ɗaya ne. Ɗalibi zai kawo ganye, ko ɓawon lemo, ko saiwa. Baba ya shanya a inuwa, ya niƙa, ya tafasa a tataccen ruwa, ya tace. Sai ya ɗiga ruwan ganyen cikin ruwan azurfa, wanda yake garai kamar na sha. A jira. Cikin minti ashirin, wani lokaci awa guda, ruwan zai juya daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Wannan juyin launi shi ne shaidar cewa azurfar ta farfashe ta koma ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda malamai ke kira nano. Ɗalibai kan yi tsalle su ɗauki hoto. Shi kuwa yakan duba agogo ya rubuta minti nawa a wani tsohon littafi da yake ajiyewa a aljihun farar rigarsa.

Daga nan gwaji biyu ake yi. Na farko, a shuka ƙwayoyin cuta a farantin gilashi, a ɗiga ruwan a tsakiya. Washegari za a ga farantin ya yi hazo ko'ina, ban da wani zagaye fes a kewayen ɗigon, inda ƙwayoyin suka kasa tsira. Baba ke auna faɗin zagayen da rula. Na biyu, fararen ɓeraye da aka yi wa allura suka kamu da ciwon suga, a riƙa ɗura musu ruwan, ana auna jininsu. Sau da yawa sugan yakan sauka. Bayan mako huɗu a yanka su, a duba hanta da ƙoda. Kundin ya fito da bango mai kauri, shafin ƙarshe ya ce sakamakon yana da ban ƙarfafa amma ana buƙatar ƙarin bincike. Kundi arba'in da uku ya ga an jera a kantar bayan ƙofa. Babu ko ɗaya da ya sauko daga hawa na biyu.

Matarsa tela ce, kuma Tela kowa ke kiranta, har shi. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, yana bakin tagar falo, ƙarƙashinsa tabarma ta lotse daidai inda diddigenta na dama ke sauka. Mace ce mai baki. Ita ta raɗa masa Likitan Ɓeraye.

"Likitan Ɓeraye, yau marasa lafiyarka nawa suka warke?"

"Shida."

"Aka sallame su?"

"Aka yanka su."

"To Allah Ya raba ni da asibitinku."

Shekara tara tana fama da suga. Tana shan ƙwayoyinta in ta tuna, tana kuma shan shayinta yadda ta saba in ba ya nan. Ta sha ce masa ya kawo mata ruwan nan da ke saukar wa ɓeraye suga, ya ƙi. Shi ya san abin da yake gani in an buɗe cikinsu, wata ƙodar lafiya lau, wata kuwa ta canja kama. Bai taɓa yarda ko ɗigo ya shiga bakinta ba, kuma yana jin daɗin kansa a kan wannan taka-tsantsan.

Wata ranar Laraba da yamma ya dawo ya tarar da ɗigon jini a kan tabarma, daga keke har ƙofar kicin. Ita tana ta ɗinki. Da ya ɗaga ƙafarta ta dama sai ga karyayyar allurar keke ta shige ƙarƙashin babban yatsa.

"Ba ki ji ba?"

"Na ji me?" Ta leƙa. "Au, ashe nan ta shiga. Tun safe nake nemanta."

Ciwon bai warke ba. Ya buɗe baki, ya fara ruwa, ya fara wari. A asibiti aka wanke, aka ba da ƙwayoyi, aka canja wasu. Mako na biyar likitan, wata mace mai gilashi da ba ta ɓata magana, ta danna bayan ƙafar da yatsu biyu ta daɗe tana neman bugun jini, sannan ta ce ƙwayoyin cutar ba sa jin maganin, jini kuma ba ya isa yatsan sosai. Ta ce su dawo bayan kwana goma. In bai sauya ba, za a cire yatsan don a tsirar da ƙafar.

Suka koma gida. Da suka shiga falo Tela ta zauna gaban keken, ta ɗora ƙafar a kan feda, ta ce, "Da wannan yatsan nake tayar da shi. Shekara talatin."

"Yatsa ɗaya ne, Tela."

"Haka aka ce wa yayana. Yatsa ɗaya. Kai ka ɗauko shi daga mota da suka gama da shi, ka san nauyin da ya rage."

Gaskiya ta faɗa.

Washegari ya yi abin da ya iya. Ya ɗebo ruwan ciwon da auduga, ya kai ɗakin gwaji, ya shuka a faranti. A gefe ɗaya ya sa maganin asibiti, a ɗaya gefen ya ɗiga ruwan azurfar da aka haɗa da ganyen gwaba, wanda littafinsa ya nuna ya fi kowanne ƙarfi. Da safe ya buɗe. Gefen maganin asibiti hazo ne har bakin ɗigon. Gefen azurfa kuwa zagaye ne fes, kamar an share da tsintsiya. Ya auna sau uku, milimita goma sha takwas.

Ya ɗauki farantin ya je ofishin Farfesa, wanda tun yana ɗalibi Baba ke wanke masa kwalba.

"Ranka ya daɗe, dubi wannan."

Farfesa ya ɗaga farantin wajen haske. "Kai, wannan ya yi kyau. Na wane ɗalibi ne?"

"Na gwada ne kawai. Na ce, in da a ce mutum ne ke da gyambo, aka wanke masa da shi fa?"

"Baba ke nan. Faranti daban, ƙafa daban. A faranti ƙwayoyin suna kwance a fili, ba nama, ba jijiya. Kafin a kai ga mutum akwai matakai, sai an yi ƙarin bincike."

"Shekara goma sha biyu muna ƙarin binciken."

Farfesa ya yi dariya, ya miƙa masa farantin. "Mu namu mu buga a mujalla. Masu manyan injuna su ɗora daga nan."

"Sun ɗora?"

"Ina da taro ƙarfe goma, Baba."

Gani ya kori ji, in ji masu magana, shi kuma ya ga zagayen da idonsa. Da yamma ya zo gida da kwalba mai ruwan ƙasa a aljihu. Ya tafasa almakashi, ya wanke hannu har gwiwa, ya jiƙa auduga ya lulluɓe ciwon, ya naɗe da bandeji.

"Yau dai na samu shiga asibitin ɓeraye," in ji Tela.

"Ba sha za ki yi ba. Shafawa ce kawai."

"In na warke kar ka yanka ni."

Kwana huɗu warin ya ragu. Kwana bakwai ruwan ya tsaya. Ya sake shuka ruwan ciwon a faranti, abin da ya tsiro kaɗan ne. Tela ta koma kan keke da bandejinta, tana taka feda a hankali, tana waƙa. Ranar da ya kamata su koma asibiti ta zo ta wuce, babu wanda ya ambata.

A mako na biyu bakin ciwon ya yi duhu, sannan duhun ya mamaye yatsan.

"Likitan Ɓeraye, yatsana ya yi baƙi."

Ya miƙa hannunsa kusa da ƙafarta. Launin ɗaya ne, ko ya ga kamar ɗaya ne. "Azurfa ce. Dubi nawa. Shekara nawa kina min gori a kansu?"

"Wato yanzu mun yi anko."

"Yana miki zafi?"

"Ko kaɗan."

"To kin gani."

Duk wanda bai san azurfa ba, da ya ga baƙin yatsa a ƙafar mai suga zai ɗauke ta sai asibiti. Maƙwabciyar da ta kawo ɗinki ta hango shi lokacin da ake canja bandeji, ta riƙe baki. Tela ta kwantar mata da hankali, ta ce maganin ne mai rini, mijinta ya san shi kamar yunwar cikinsa. Autarsu, wadda ke aure a wani gari, ta kira a waya ta ce a turo mata hoto. Da ta gani ta ce, "Baba, wannan bai yi mini ba." Ya ɗauki hoton yatsunsa ya tura mata, ya bi da bayani mai tsawo a kan gishirin azurfa da haske. Ta ce, "To, kai ka sani." Kuma da gaske ya sani. Abin da ya faɗa game da azurfa babu kuskure a ciki.

Ranar Lahadi ta mako na huɗu, da hantsi, yana kwance bandeji a bakin taga inda haske ya fi yawa. Tela tana warware wani ɗinki da ta yi kuskure, ta leƙo ƙafar ta saman tabarau.

"Maganin nan naka akwai zuciya. Har maƙwabta yake ziyarta."

"Wane maƙwabta?"

"Ga na kusa da shi ya yi baƙi, ga na ukun ma ya fara. Ko ka shafa musu ne ban gani ba?"

Bai shafa musu ba. Shi mutum ne mai tsabtar aiki, kullum sai ya sa busasshiyar auduga tsakanin yatsun don kada ruwan ya zarce. Kuma abu ɗaya da shekara talatin suka koya masa shi ne azurfa ba ta tafiya. Inda ta taɓa nan take tsayawa, da iyaka a fili kamar an ja layi. Wannan baƙin ba shi da iyaka. Ya narke cikin shuɗi, shuɗin ya narke cikin ja, jan ya hau bayan ƙafar.

Ya kama yatsan na biyu. Sanyi ƙalau, kamar kwalbar da ta kwana a firji. Ya danna farcen, launin bai motsa ba. Ya kankare gefen babban yatsan da farcensa, yadda yake kankare nasa ya ga jar fata a ƙasa. Babu jar fata a ƙasa.

"Me ya faru? Ka yi shiru."

"Ɗauko mayafinki."

"Yau Lahadi."

"Ɗauko mayafinki, Tela."

Ta dube shi, ta ajiye ɗinkin a kan keke, ta soke allurar a jiki yadda takan yi in za ta dawo ta ci gaba.

Likita mai gilashi ce a bakin aiki. Ta buɗe ƙafar, ta daɗe tana kallo, sannan ta duba katin.

"Kwana goma na ce. Yau kwana ashirin da bakwai. Me kuka sa masa?"

Ya fito da kwalbar. Ya yi mata bayani yadda yake yi wa ɗalibai, har da milimita goma sha takwas. Ba ta katse shi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Baba, ban ce ruwanka bai kashe ƙwayoyin sama ba. Mai yiwuwa ya kashe, shi ya sa warin ya tafi. Amma yatsan ba ƙwayoyi kaɗai ke cinsa ba, jini ne ba ya zuwa. Abu uku ke gaya wa mutane su zo wurinmu, zafi da wari da launi. Suga ya ɗauke zafin. Kai ka ɗauke warin."

"Launin kuma na ce azurfa ce," in ji shi.

Ta rufe katin. "Da kun zo ranar da na ce, yatsa ɗaya ne. Yanzu sai ƙasan gwiwa, kuma gobe da safe."

Tela ce ta fara magana. "Likita, ƙafar hagu tana iya koyon keke?"

"Wasu suna koya, Mama."

"Wasu."

Mako uku ta yi a asibiti. Auta ta zo ta zauna da ita. Ta daina kallon hannun uban, in zai miƙa mata abu takan ce ya ajiye a kan tebur. Da za ta koma ta ce, "Baba, a riƙa duba ɗaya ƙafar kullum. Da ido, ba da bayani ba." Ya ce to.

Da Tela ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ranar da aka dawo da ita ta dubi sandunan da aka ba ta, ta ce, "Ka ga, ni an yanka ni kuma an sallame ni. Na fi ɓerayenka sa'a." Ta yi dariya ita kaɗai. Da ya fara cewa shi ne sanadi, ta ɗaga hannu. "Ni na ce ba zan koma ba. Kai ka kawo kwalba, ni na miƙa ƙafa. Kar ka cinye laifin kai kaɗai, ka rage mini."

Bayan wata biyu ta sa ya zaunar da ita gaban keken. Ɗinkin da ta bari yana nan da allurarsa a soke. Ta ɗora ƙafar hagu a kan feda ta taka. Keken ya juya baya, zaren ya tsinke. Ta sake zura zare, ya sake tsinkewa. Ƙafar ba ta jin fedar, ba ta san lokacin da za ta saki ba. Ta gwada kwana shida. A na bakwai ta ce ya rufe keken da zane, ƙura tana shiga. Masu kawo ɗinki suka riƙa zuwa gaisuwa, daga baya suka riƙa aiko da gaisuwa.

Ya koma aiki, saura shekara biyu ya yi ritaya. Bai gaya wa Farfesa ba, amma labari ya riga shi hawa bene. Farfesa ya yi masa jaje a tsaye, ya ƙara da cewa daga yau duk abin da aka haɗa a ɗakin a kulle shi a kabad, makullin kuma a ofishinsa. Baba ya ce hakan ya yi daidai.

Sabuwar ɗaliba ta zo da ɓawon rumman a leda. Ya shanya, ya niƙa, ya tafasa, ya tace. Kafin ya buɗe kwalbar azurfa ya jawo akwatin safar hannu, wanda ya shekara a kan kanta ba a taɓa ba, ya sa guda biyu a kowane hannu.

"Baba, an ce kai ba ka sa safa," in ji ɗalibar.

"An faɗa miki daidai. Ɗiga a hankali."

Minti goma sha huɗu ruwan ya juya. Ta yi tsalle, ta ɗauki hoto. "Baba, kakata tana da suga. Kana ganin wata rana wannan zai zama magani?"

Ya duba agogo, ya rubuta sha huɗu. "Wata rana, mai yiwuwa. Ba daga hannuna ba. Ki ce mata ta riƙa duba ƙafarta."

Kafin wata ya ƙare baƙin yatsunsa ya saɓule. Fatar da ta fito ja ce, mai laushi, kamar ba tasa ba. Tela ta kama hannun ta jujjuya, ta ce ashe haka mijinta yake, an yi mata rufa-rufa shekara talatin. Bai gaya mata dalili ba. So yake in ya taɓa ƙafarta ya kasance babu abin da zai iya barin tabo, kuma babu abin da zai miƙa kusa da ita ya ce launin ɗaya ne.

Kowace safiya kafin ya fita yakan zaunar da ita a bakin taga, kusa da keken da aka rufe, ya ɗora ƙafar hagu a cinyarsa. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe tsakaninsu, ya danna kowane farce ya jira jan ya dawo. Yana dawowa, amma a hankali, kuma ya lura kowane wata jiran yana ƙara tsawo. Ya fara rubuta daƙiƙoƙin a bayan littafinsa na ganyaye.

Wata safiya, wata bakwai bayan aikin da aka yi mata, ya juya diddigen wajen haske. A gefe, inda sanda ke sa ta jingina nauyinta duka, akwai wani ɗigo mai duhu, bai kai ƙwayar wake ba. Ya goga da auduga, bai fita ba. Ya dubi yatsunsa. Fes suke.

"Likita, yaya mara lafiyarka yau?" in ji Tela, idonta na kan titi.

Ya sauke ƙafar a hankali a kan tabarma, ya miƙe ya ɗauko mata sandunan da mayafi.